Ɗana ya faɗo daga na 4 zuwa na 31, yaya ya kamata in karɓi wannan sakamako?

Uban Yara Huɗu, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun ranar Alhamis da ta wuce, ranar da aka raba wa yara katin sakamakon zango na ɗaya. Babban ɗana yana da shekara 12, kuma bana ne ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Duk zaman da ya yi a firamare bai taɓa wuce na biyar ba, a zangonsa na ƙarshe ma a aji shida ya zo na 4 cikin yara 32. Wannan karon sai ga shi ya zo na 31 cikin 58, da maki 38 a Lissafi, 49 a Turanci, 55 a Kimiyya, ko da yake ya sami 74 a Addinin Musulunci da 71 a Hausa.

Ba zan ɓoye muku abin da na yi ba. A tsaye na karɓi katin, ko babur ban gama kafewa ba, kuma idona bai sauka a kan komai ba sai lambar nan 31. Na kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa, na lissafa masa kuɗin makaranta da na littattafai da na yunifom, sannan na gaya masa cewa ɗan maƙwabcinmu, wanda tare suka gama firamare, ya zo na 3 a tasu makarantar. Ban ɗaga masa hannu ba, amma a daren nan bai ci tuwo ba, kuma har yau idan ya ji ƙarar babur ɗina sai ya shige ɗaki. Daga baya mahaifiyarsa ta shaida mini cewa tun da ya dawo a ranar yake tambayarta ko za ta bar shi ya tafi gidan kakarsa kafin in dawo daga aiki. Wannan maganar ta fi sakamakon yi mini ciwo.

Yanzu ina tsakanin shawarwari da yawa. Wani abokina ya ce in hana shi ƙwallo da zuwa ko'ina har a koma makaranta, wani ya ce in ɗauko masa malamin lesin tun yanzu, ƙanena kuma yana ganin makarantar ce ba ta da kyau, a canza masa wata. Mu da bulala aka tashe mu a kan irin wannan, kuma ba na son in bi da shi ta wannan hanya, amma ina tsoron kada sassauci ya sa ya ɗauka cewa faɗuwa ba komai ba ce. Don Allah waɗanda suka san aikin koyarwa, da waɗanda suka riga ni ganin irin wannan a gidajensu, me ya kamata in yi da katin nan, kuma me ya kamata in ce wa yaron?

Tsohon Malamin Lissafi, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Na shafe fiye da shekara 30 ina koyar da Lissafi a sakandare, kuma na cika irin wannan kati da hannuna sau ba adadi, saboda haka zan roƙe ka ka sake ɗauko shi, ka zauna, ka karanta shi daga sama har ƙasa. Lambar da ta ɓata maka rai ita ce ta fi kowace lamba ƙarancin bayani a jikin katin.

Matsayin yaro a aji awo ne tsakaninsa da waɗanda Allah ya haɗa shi da su a ɗaki ɗaya. A firamare yana cikin yara 32, mai yiwuwa duk 'yan unguwa ɗaya, a hannun malami ɗaya da ya san halinsa. Yanzu an haɗa shi da yaran da suka fito daga makarantu dabam-dabam, kuma da yawansu su ma na ɗaya da na biyu suke zuwa a can inda suka baro. Malami ɗaya ya koma malamai kusan goma, kowa da salonsa da saurin rubutunsa a allo, darussa sun ƙaru, kuma ba wanda zai tsaya a kansa ya tabbatar ya gama kwafar darasi kafin a goge. Zangon farko na aji ɗaya shi ne zangon da na fi ganin yara masu ƙoƙari sun yi tangal-tangal a cikinsa. Ƙari a kan haka, a tsakiyar aji maki kan cunkushe wuri guda, har ta kai bambancin maki uku ko huɗu a matsakaici ya raba na 20 da na 31. Darasi ɗaya da aka faɗi warwas ya isa ya jawo yaro ƙasa da hawa goma.

Abin da nake so ka duba da farko shi ne yadda makin kowane darasi ya rabu. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da tsarin auna ɗalibi a duk tsawon zango, wanda malamai ke kira CA, domin kada jarrabawar rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Yawancin makarantu suna ba gwaje-gwaje da aikin gida da duba littafin rubutu maki 40 ko 30, jarrabawar ƙarshe kuma 60 ko 70. To, maki 38 ɗin nan na Lissafi, daga ina ya fito? Idan ya sami 30 cikin 60 a jarrabawa amma 8 kacal cikin 40 a gwaje-gwaje, yaron ya fahimci rabin darasin, matsalarsa ita ce akwai gwajin da bai rubuta ba ko aikin da bai miƙa ba, kuma wannan zancen halarta ne da tsari. Idan kuwa ya sami 28 a gwaje-gwaje da 10 a jarrabawa, sai mu yi tunanin rashin bita, ko firgicin ɗakin jarrabawa, ko kuma cewa wani ne yake taya shi aikin gida. Idan duka biyun a ƙasa suke, akwai tushen da ya rasa tun daga firamare. Ka ga cuta uku ke nan, kowace da maganinta, alhali dukkansu lamba ɗaya suke nunawa a ƙarshe.

Sai ka nemi layin matsakaicin makin aji, domin katuna da yawa suna ɗauke da shi, tare da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta. Idan matsakaicin ajin a Lissafi 41 ne, to ajin gaba ɗaya ne ke da matsala, kuma wannan magana ce ta ƙungiyar iyaye da malamai. Idan 60 ne, matsalar ta ɗanka ce shi kaɗai. Bayan wannan ka duba sau nawa aka buɗe makaranta da sau nawa ya halarta, sannan ka duba ɓangaren ɗabi'u, inda ake ba da maki a kan zuwa da wuri, tsafta, natsuwa da mu'amala da abokai. Iyaye ba sa kallon wannan ɓangare, alhali sau da yawa a nan amsar take. Jimlar da malamin aji ya rubuta a ƙasa kuwa, irin su “zai iya yin abin da ya fi haka”, kada ka ɗora mata nauyi da yawa, domin mutumin da ke da kati 58 a gabansa da kwana biyu kafin a rufe makaranta yakan maimaita jimla ɗaya ga yara da dama.

Ina so kuma ka ɗaga kai ka hangi inda tafiyar za ta ƙare. A jarrabawar WAEC, maki 50 zuwa 54 shi ne C6, wanda shi ne mafi ƙanƙantar kiredit, 75 zuwa sama A1, ƙasa da 40 kuma F9. Abin da aka saba nema wajen shiga jami'a shi ne kiredit biyar, ga yawancin kwasa-kwasai har da Turanci da Lissafi, tare da makin JAMB. Ba a taɓa tambayar kowa na nawa ya zo a aji ɗaya ba. Saboda haka aikin da ke gabanku a zango mai zuwa shi ne 38 ta kai 50, kuma 49 ta kai 55 ko 60. Wannan buri ne da yaro zai iya gani, ya kuma san yana hannunsa, saɓanin ka ce masa ya zo na ɗaya, wanda ya dogara da abin da yara 57 za su yi. Na zaɓi waɗannan darussa biyu ne da gangan. Lissafi gini ne, wanda bai riƙe haddar sau ba, ko bai gane lissafin rabi da sulusi da rubu'i ba, duk abin da aka ɗora masa a kai rushewa zai yi. Turanci kuma shi ne harshen da ake koyar da sauran darussan da shi, kuma makinsa na 74 da 71 a darussan da ya fi jin harshensu ya nuna mini cewa kansa lafiya lau yake.

Game da lesin, kada ka biya ko kwabo sai ka san gurbin da za a cike, in ba haka ba malamin zai maimaita masa abin da ake yi a aji ne kawai, ka yi asarar kuɗi shi kuma ya yi asarar hutu. Canza makaranta a kan zango ɗaya ma gaggawa ce. A makon farko na komawa ka je da ƙafarka ka ga malamin aji da malamin Lissafi, cikin girmamawa, ka tambaye su inda yake zama a aji, wane gwaji ne bai yi ba, da wane babi ne ya fi ba shi wahala. Malami yakan ƙara kula da yaron da ya ga fuskar ubansa.

Maman Tagwaye, Katsina

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma uwa. Malam na Zariya ya yi bayanin katin, ni kuwa yaron zan yi magana a kansa, domin kafin a gyara Lissafi sai an gyara abin da ya sa yake shigewa ɗaki idan ya ji babur ɗinka.

Ranar raba sakamako rana ce mai nauyi ga yara a ko'ina cikin duniya. A jihar Florida ta Amurka an yi wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics a ƙarshen 2018, inda masu binciken suka haɗa ranakun raba katin sakamako na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 da rahotannin dukan da aka yi wa yara 'yan shekara 5 zuwa 11 waɗanda hukuma ta tabbatar. Sun gano cewa idan aka raba katin ranar Juma'a, irin waɗannan rahotanni a ranar Asabar da ke biye suna ninkawa kusan sau huɗu. Na kawo wannan ne don ka san cewa fushin da ya zo maka abu ne da ke zuwa wa iyaye da yawa, kuma tsoron da ɗanka ya ji yana da dalili. Yaron da ya koyi cewa mummunan maki yana jawo wulaƙanci zai fara neman hanyar tsira, kuma hanyoyin sanannu ne: ya ɓoye takardar gwaji, ya mai da 38 ta zama 88 da biro, ko ya fara leƙen takardar na kusa da shi. Satar amsa da muke kuka da ita a manyan jarrabawa, wani kasonta a tsakar gida ake shuka shi.

Shawarata ita ce ka janye kalmar nan ta daƙiƙi, da bakinka, kuma tun da a gaban ƙannensa ka faɗe ta, su ma su ji ka janye ta. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce masa raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai dace ba, kai ba daƙiƙi ba ne, kuma za mu duba katin nan tare. Wannan ba zai rage maka ƙima ba ko kaɗan. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya ce bai taɓa ce masa ko “uf” ba. Idan za ka tambaye shi abin da ya faru, kada ka tsayar da shi a gabanka kamar mai amsa tuhuma. Ku yi maganar a hanyar dawowa daga masallaci, ko kana gyaran babur yana miƙo maka kaya, ka fara da darasin da ya fi jin daɗinsa, sannan ka tambayi wanda ya fi ba shi wuya, kuma idan ya yi shiru ka bar shirun ya yi tsawo.

Akwai kuma abin da aikina ya koya mini. Ka sa shi ya karanta rubutun kalanda daga nesa, ya rufe ido ɗaya sannan ɗayan, domin yaro ba ya sanin cewa ganinsa ya ragu, yana ɗauka kowa haka yake ganin allo. Ka tuna ko ya taɓa fama da ciwon kunne mai fitar da ruwa, ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a makon gwaji. Ka tambayi mahaifiyarsa ko yana karyawa kafin ya fita, da ƙarfe nawa yake barci, tun da yaran wannan shekaru suna bukatar barcin awa tara zuwa sama, ga boko da safe, ga Islamiyya da yamma, ga hadda da dare. Sannan ka bincika a hankali ko akwai manyan ɗalibai da ke ƙwace masa kuɗin tara ko suna tsangwamarsa, saboda ɗan aji ɗaya shi ne ƙarami a makarantar gaba ɗaya, kuma kunya ba za ta bar shi ya kawo ƙara ba.

Dattijon Kantin Kwari

Ɗana, na karanta abin da malami da Hajiya suka rubuta, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, sai dai ina jin tsoron kada a yi ta neman dalili a ido da kunne da makaranta har a manta cewa yaro ma yana da nasa alhakin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na rene yara tara, kuma a cikinsu akwai wanda ba abin da ya same shi sai gidan kallon ƙwallo, yana dawowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da safe yana gyangyaɗi a aji. Wannan ba likita yake bukata ba. Ka janye zagin, wannan daidai ne, amma kada ka janye maganar cewa sakamakon bai yi ba, domin bai yi ɗin ba, kuma yaron ya fi ka sanin haka.

Ni ban yi boko ba, allo na yi, amma hakan bai hana ni bin karatun 'ya'yana ba. Duk daren Juma'a sai kowa ya kawo mini littattafan rubutunsa. Ba na iya karanta Turancin, amma ina iya ganin kwanan wata, ina ganin shafin da aka bari fari, ina ganin inda jan biron malami ya bi da inda bai bi ba. Littafin da ya yi mako uku ba jan biro, ko malamin ba ya dubawa ko yaron ba ya kaiwa, kuma kowanne ne sai na sani. Wanda ya jira sai ƙarshen zango kafin ya tambayi karatun ɗansa, ya zo fafe gora ranar tafiya. Laifin uba a nan ya fi na yaro.

Hukunci kuwa, a ganina ana yin sa ne a kan sakacin da aka tabbatar, kamar a ce an ba shi aiki ya ƙi yi, ko ya yi ƙarya. Maki kansa ba a yin hukunci a kansa. Ka yanka masa lokaci tsakanin Magariba da Isha'i ko bayan Isha'i, rabin awa ya isa, kuma kai ma ka ajiye wayarka ka zauna kusa da shi. Ƙwallon yamma ka bar masa, a bisa sharaɗin ya gama na ranar. Gidan kakarsa kuma kada ka hana shi zuwa, zumunci ba a sa shi cikin horo.

Malamar Lakwal, Maraɗi

Gaisuwa gare ku baki ɗaya. Mu nan Nijar a kan 20 muke ba da maki a sakandare, wanda ya sami matsakaicin 10 ya tsira, amma halin iyaye ɗaya ne da na wajenku: a miƙa musu takarda, su tsallake komai su nemi na nawa ya zo. Baba na Kantin Kwari ya yi gaskiya a kan duba littattafai, kuma da iyayen ɗalibaina suna yin haka da aikina ya ragu da rabi.

Abin da ya tsaya mini a rai a labarinka, Malam, shi ne zancen ɗan maƙwabci. Makarantarsu dabam, malamansu dabam, jarrabawarsu dabam, saboda haka na 3 a can da na 31 a nan ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. Abin da kwatancen zai haifar shi ne ɗanka ya tsani abokinsa. Ya fi muni idan a cikin gida ne, a ɗaga ƙane a kan wa, ko ɗan wannan ɗaki a kan na wancan. Na ga 'yan uba da suka girma ba sa ga maciji da juna, kuma da za a bi asalin abin, da an tarar da irin wannan magana a ranar sakamako. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya umarce mu da yin adalci tsakanin 'ya'yanmu, kuma ko da yake a kan kyauta ya zo, ina ganin yabo da zargi ma rabo ne da yara ke lissafawa. Idan za a kwatanta yaro, a ajiye katin bana kusa da na zango mai zuwa, a kwatanta shi da kansa.

Ina kuma zargin cewa yabon da ya sha a firamare yana da hannu a cikin yadda abin ya buge shi. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Columbia ta Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan aji biyar. Bayan yaran sun yi wani aiki, an yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa basirarsu sun fi saurin karaya, sun fi son komawa ga mai sauƙi, wasunsu ma sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗe shi. Yaron da ya shekara shida ana ce masa haziƙi, ranar da ya faɗi sai ya ɗauka an gano shi ne. Saboda haka idan ka zo kan 74 da 71 ɗin nan, ka tambaye shi yadda ya yi ya same su, wace irin bita ya yi, da wa ya yi karatu, domin ya gane cewa akwai abin da ya aikata da ya kawo su, kuma ana iya aikata irinsa a Lissafi.

Uban Yara Huɗu, Kano

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, ya shirya mana zuri'a. Na ga ya dace in dawo in gaya muku abin da na tarar.

Na janye kalmar a gaban ƙannensa kamar yadda Hajiya ta ce, bayan sallar Magariba. Bai ce komai ba a lokacin, amma da safe shi ya fito mini da babur. Da muka zauna da katin, sai na ga abin da Malam na Zariya ya yi hasashe: a Lissafi yana da 29 cikin 60 a jarrabawa, da 9 cikin 40 a gwaje-gwaje, kuma gurbin gwaji na biyu babu komai a ciki. Matsakaicin ajin 47 ne. Kwanakin halartarsa sun cika sai biyu, amma a ɓangaren ɗabi'u an ba shi 2 cikin 5 a zuwa da wuri, alhali yana barin gida tun bakwai saura kwata.

Sai da na daɗe ina jira kafin ya buɗe baki. Tun farkon zangon na ɗora masa raka ƙannensa mata biyu zuwa firamarensu kafin ya wuce tasa makarantar, saboda titin da suke tsallakawa, ni kuma ina fita da wuri. Hanyar ba ɗaya ba ce, don haka yakan isa bayan an rufe ƙofa, a tsare su tare da sauran makararru suna tsintar shara har darasin farko ya yi nisa. Kwana uku a mako, darasin farko Lissafi ne. Ranar gwaji na biyu yana bakin ƙofa aka yi shi. Na tambaye shi dalilin da bai gaya mini ba, sai ya ce ni na sa shi, kuma ba ya so a ce ya ƙi raka ƙannensa. Ban iya ce masa komai ba na ɗan lokaci.

Duk da haka maganar Baba ma ta tabbata, domin da na buɗe littafinsa na Turanci na tarar da aikin gida uku da bai yi ba, waɗanda ba su da alaƙa da makara, kuma ya amsa cewa ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali. Na kuma gwada shi a haddar sau, yana tafiya daidai har sau shida, daga sau bakwai sai ya fara ƙirga da yatsu. Mun yi yarjejeniya a kan rabin awa bayan Isha'i, muna farawa da haddar, kuma daren Juma'a zan duba littattafai. Daga ranar komawa ni zan riƙa kai 'yan matan a babur, na riga na nemi izinin isa wurin aiki ƙarfe takwas. Lesin da canjin makaranta na ajiye su tukuna, kuma ranar Asabar zai tafi gidan kakarsa ya yi mako ɗaya.

Tambaya ɗaya ta rage mini ga Malam na Zariya. Idan na je ganin malamin Lissafi a makon farko, ya dace in nemi a sake ba yaron gwajin da ya rasa, tun da na ji cewa ana haɗa makin zango uku a ƙarshen shekara, ko kuwa in bar abin da ya wuce, in roƙe shi kawai ya nuna mana babukan da aka yi a safiyoyin da yaron yake tsare a bakin ƙofa?